Wanda Zan Daɗe Ina Gyarawa

Ranar da Na'ima ta fara ganin Ishawu, durƙushe yake a bayan gidansu da ke unguwar Jamaica, yana gwada faɗin filin da igiyar awo. Farkon bazarar 2016 ce. An yi wa mahaifinta, Alhaji Abdul-Rahman, aiki a gwiwa, likita ya ce ba abin da zai dawo masa da tafiya kamar motsa jiki a ruwa. Shi kuwa Alhaji ya rantse ba zai tuɓe riga a gaban jama'a ba. Shi ya sa aka kira kamfanin masu haƙa tafkin ninƙaya, wato pool, aka ɗora wa Na'ima zaɓen irin wanda za a sa.

Ta kawo masa ruwan sanyi, ta yi masa magana da Turanci. Ya ɗago ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya. Na gode."

Saura kaɗan ta saki kofin. "Kai Bahaushe ne?"

"Ɗan Zongo ne, daga Kumasi. Hausarmu ta ɗan sha rana, sai ki yi haƙuri da ita."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba.

Ya zauna ya yi mata bayani. Akwai na kankare, ya fi ƙarko amma sai an yi watanni ana aiki. Akwai na faiba, wata irin roba mai tauri, wanda ake kawowa a ƙere da matakalarsa, mota mai ƙugiya ta ɗaga shi ta saman gida ta zura a rami. Akwai kuma na ɗorawa a kan ƙasa, wanda ake kafawa a yini ɗaya, a hau shi da tsani.

"Wanne ka fi so?" ta tambaye shi.

"Wanda zan daɗe ina zuwa gyarawa," ya ce, sannan ya sunkuyar da kai kamar ba shi ya faɗa ba.

Tun daga nan Na'ima ta kasa yanke shawara. Yau ta ce kankare, jibi ta kira ta ce a zo a sake awo, faiba take so. Shi ma bai taɓa cewa ya gaji ba. Saƙonni suka fara kai-komo.

"Tauraruwata, yau wane iri ne ra'ayinki?"

"Ban sani ba tukuna. Sai ka zo na gani."

"Ina hanya. Ko ba ki zaɓi pool ba, ni na riga na yi nawa zaɓin."

Hajiya Khadijatu, mahaifiyarta, ta lura. Ta same ta a kicin ta ce, "Wannan awon da ba ya ƙarewa fa? Ki kiyaye ni, Na'ima. Yaron da ba mu san gidansu ba, ba mu san garinsu ba. Ga 'ya'yan mutanenmu na Kano cike da gari."

"Umma, Musulmi ne, kuma yana da sana'a."

"Ban ce ba shi da ita ba. Ya yi ta, ya tafi."

Wannan bai dami Na'ima ba kamar Zalika, 'yar ƙanwar Umma, wadda ke zaune a unguwar Morrisania. Wata Asabar Zalika ta zo ta tarar da Ishawu a tsakar gida. Ita da ba ta iya soya ƙwai ba, ranar ta kai masa shayi har da cincin, ta tsaya tana tambayarsa zurfin ruwa tana fari da ido. Na'ima na kallo ta taga.

Bayan kwana biyu ya ce mata, "Af, 'yar'uwarki Zalika ya kira ni."

"Ta kira ka," Na'ima ta gyara masa a bushe. "Mace ce. Kuma na ga alama ka sani."

"Wai yana da... tana da wanda yake son pool."

"Zalika da ke hawa na huɗu? A ina za ta sa shi, a baranda?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Da yammacin Juma'a ta buɗe wayarta ta ga wani hoto. Zalika ce zaune a kujerar gaba ta motar aikin Ishawu, a kan Fordham Road, ta karkata kai, ga gefen fuskarsa yana tuƙi. A ƙasa ta rubuta, "Da direbana." Kujerar nan Na'ima ko sau ɗaya ba ta taɓa zama a kai ba, don gudun bakin Umma.

Ta rubuta masa, "Na zaɓa. Na ɗorawa nake so, wanda ake gamawa a yini ɗaya. Ka zo ka kafa, ka tafi, kada ka dawo."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Sai saƙo ya shigo: "Ranki ya daɗe, ki zage ni in kina so, amma ba zan sa wannan ba. Ki tuna gwiwar Abba."

Ta kife wayar.

Washegari ya zo da kansa, ba tare da kayan aiki ba. Alhaji na zaune a inuwa da sandarsa, Na'ima na tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ishawu ya durƙusa ya gaishe shi.

"Alhaji, an ba ni umarni in kafa na tsani. Na zo in ce ba zan iya ba. Mutumin da ke hawa matakala da ƙyar, yaya zai hau tsani jiƙaƙƙe? In kun nace, kamfani zai turo wani, ni kuma in amsa tambayar maigidana. Amma ba da hannuna ba."

Alhaji ya juya ya dubi 'yarsa. "Ke kika ce haka?"

Sai a lokacin ta hango a zuciyarta mahaifinta a saman tsanin, ƙafarsa na rawa, kuma ita ce ta aika shi can saboda haushin wani hoto. Hawaye suka zubo mata, ta ruga ciki.

A ɗaki ta kira Zalika. "Me ke tsakaninki da shi?"

Zalika ta yi tsaki. "Me kuwa? Na ce masa akwai mai son pool, ya zo ya tarar ba kowa sai ni. Ya ce in ji tsoron Allah. Na roƙe shi ya rage min hanya, tun daga Fordham har gida ba abin da yake sai zancenki, har kaina ya yi ciwo. Na so shi, ban ɓoye ba. Ki riƙe kayanki."

Da Na'ima ta fito, ta sami Ishawu a bakin mota.

"Me ya hana ka gaya min?"

"'Yar'uwarki ce. Ban so in kunyata ta a wurinki ba."

"To nan gaba ka kunyata ta," ta ce tana share ido. "Kuma a wanke kujerar nan."

"Da sabulu, gimbiyata. To wanne za a sa?"

"Na faiba. Mai matakala da abin riƙewa. A ɗaga katanga kuma, don mu ma mu shiga."

Alhaji ne ya shawo kan Umma. Ya ce mata, "Kina neman asalinsa? Na gani da idona. Yaron da ya yarda ya rasa aiki da budurwa a rana ɗaya don kada in faɗi, shi zan ba 'yata." Umma ba ta sauko nan take ba. Sai da Baffa Saani, yayan mahaifin Ishawu, ya zo daga Bronx da dattawan Zongo, suka zauna aka yi ta lissafa dangi, har aka gano kakan Ishawu fatauci ne ya kai shi Kumasi daga Ƙofar Mata ta Kano. Nan ta sake, ta ce a ƙaro musu tuwo.

An ɗaura aure a watan Satumba. Aka yi walima a bayan gida, waakye, wato shinkafa da wake irin na Kumasi, a gefe, masa da miyar taushe a gefe, ruwan sabon tafkin na ƙyalli a tsakiya. Zalika ma ta zo, Na'ima da kanta ta zaunar da ita can nesa da ango.

Alhaji ya miƙe ba sanda, ya tako har inda suke, ya haɗa hannuwansu.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya ba ku zuri'a ɗayyiba, ya sanyaya zukatanku. Ke kuma Na'ima, a rage kishi."

"Ba zan iya alkawari ba, Abba," ta ce daga cikin mayafi.

"A bar min ita haka, Alhaji," in ji Ishawu.

Jama'a suka kwashe da dariya, suka shafa da amin.