Ƙwai Bakwai na Bakin Tafki

Agwagwa na fita nema ranar nan, ba wani abu ba. Farar agwagwata ce ta koyi yawo, ta daina saka ƙwai a gida, sai na bi bayanta da la'asar sakaliya har tafkin da ke bayan garinmu Gangara. Damina ta yi nisa, gero ya fi ni tsawo, ko'ina warin danshi da ruɓaɓɓiyar ciyawa.

Shekara guda ke nan da aka harbe mijina Lawwali a hanyar garin Isa. Ban yi kuka ba ranar da aka kawo shi, ban yi ba da na fita takaba. Mata suka yi ta zancena har suka gaji. Ni dai in tashi, in kwaɓa dusa, in watsa tsaki, in wanke kaskon ruwan kaji, in yi wa ɗiyata Hadiyya mai shekara huɗu wanka. Ba na jin daɗi, ba na jin zafi. Kamar taɓarya nake, a ɗaga ni a sauke.

Ban ga agwagwar ba. Ƙwai na gani, bakwai, cikin ciyawa a bakin ruwa. Manya ne, da ɗuminsu, kamar yanzu aka tashi daga kansu. Babu gashi a wurin, babu sawu a laka. Na kwashe su a haɓar zane.

Inno, uwar Lawwali, tana alwala na shigo.

"Bilki, ina kis samo waɗanga?"

"Bakin tabki, Inno. Na hwarar agwagwata na."

"Kin gan ta bisansu?"

"A'a."

Ta aje buta a hankali. "Mai da su, ɗiyata. Ba a ɗaukar ƙwai can in rana ta yi sanyi. Ba duk agwagin tabkin nan ne na mutane ba."

Na ce to, ban kuwa mayar ba. Ba taurin kai ba ne. Tsoron ne ban ji ba, kamar yadda ban jin komai.

Akwai jar kazar da Lawwali ya sayo min a kasuwar Isa, tana neman kwanci. Na ɗauko gawayi in yi wa ƙwan alama, yadda muke yi don a bambanta na kwanci da sabon sawa. Gawayin ya ƙi kamawa. Na goga, na sake gogawa, ɓawon na nan fari fat. Na tura wa kazar shida a haka. Na bakwai kuwa, Hadiyya ta sa rigimar ƙwai, na dafa mata ta cinye.

Kaza sati uku take kwanci, ƙwan agwagwa sai ya ci biyar. Jar kaza ta daure. Ta rame, gashin ƙirjinta ya zube, sai na ɗaga ta da hannu take shan ruwa. Da suka ƙyanƙyashe, shida ne, baƙaƙe wuluk, ba mai yin ko ɗan kuka. Uwar ta yi tono, ta kira, ba su zo ba. Na jiƙa musu dusa, ba su duba ba. Sai su jeru a gindin katanga, bakinsu wajen tafki, su yi tsaye.

Hadiyya ta fara tsugunawa kusa da su. Ita ma katangar take kallo.

Kwana uku bayan nan, gab da magariba, Inno ta shiga maƙwabta, ni kuma ina kora kaji akurki. Babu jar kaza. Babu 'ya'yanta. A bakin ƙofar baya na ga takalmin Hadiyya, ƙafa ɗaya.

Na bi hanyar cikin gero. An yi yayyafi, laka ta riƙe sawu: na 'yan agwagi a jere, na ƙafar yarinya a bayansu, na kaza yana kai da komo a gefe.

Kwaɗi sun yi shiru. A damina, a bakin tafki, ko ɗaya ba ya kuka.

Wari ya tare ni, irin na ƙwan da ya ɓaci a ƙarƙashin kaza.

'Yan agwagin na shiga ruwa ɗaya bayan ɗaya. Hadiyya ce ta ƙarshe a layin, ruwa ya kai mata gwiwa. Jar kaza na bakin gaɓa, tana gudu hagu da dama, tana kwarmato.

Wata mace na tsaye cikin tafkin, ruwa iya ƙugunta. Wuyanta dogo ne, ya fi na mutane. Ta miƙo hannu, na ga fata ta haɗe 'yan yatsunta. Tana taɓa kan kowane ɗan agwagwa, tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa.

"Huɗu. Biyat. Shidda."

Ta juyo da kai gefe, ta dube ni da ido ɗaya.

"Bakwai nib bari," ta ce, murya kamar ruwa na fita ta bakin tulu.

"An ci guda," na ce.

"Na sani. Ga shi nan cikinta."

Ta kama hannun Hadiyya.

Gaskiya zan faɗa, ko da za a zage ni. Tsayawa na yi. Yadda na tsaya ranar da aka sauke Lawwali a tsakar gida, haka na tsaya. Ina kallon ruwa na hawa cikin ɗiyata, zuciyata na kwance.

Kaza ba ta shiga ruwa, kowa ya san haka.

Jar kaza ta buɗe fikafikai, ta yi wani irin ihu, ta faɗa tafkin.

Ihun nan ya ratsa ni har ƙashi. Ban san sa'ad da na tsunduma ba. Na cafke Hadiyya ta ƙugu, na ja, ina kiran sunan Allah. Aka ja ta can. Jikinta sanyi ƙalau. Laka na haɗiye ƙafata.

Kazar na dukan ruwa, tana nutsewa tana tasowa, har ta isa tsakiyar 'ya'yan nan shida da ba su taɓa amsa kiranta ba.

Matar ta sunkuyar da dogon wuyanta ta dube ta.

"Wagga da ƙahwatta taz zo," ta ce.

Ta ɗora hannu a kan kazar.

"Bakwai."

Aka saki Hadiyya. Muka faɗi baya. Na saɓe ta, na keta gero da gudu, ban waiwaya ba sai da na ji kiran salla daga cikin gari.

Inno ta tare ni a ƙofa. Ta karɓi yarinyar, ta yi ta tofa mata addu'a. Hadiyya ta kwana uku tana zazzaɓi, ta warke, ba ta tuna ko ɗaya daga abin da ya faru. Ƙwai dai ba ta ƙara ci ba.

Washegarin ranar da abin ya faru na fita watsa tsaki. Na leƙa inda jar kaza ta yi kwanci, na ga ramin da ƙirjinta ya yi a ƙasa, da 'yan gashinta. Nan na zauna na fashe da kuka, irin wanda har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na ji wata na cewa, ba ta yi kukan miji ba, ga ta tana yi wa kaza. Ban damu in yi musu bayani ba.

Agwagina duk na rabar. Kaji kawai nake kiwo yanzu, kuma nakan rufe su tun rana na sama. Amma in damina ta sauka, gab da magariba, daga wajen tafki nakan ji kaza na kiran 'ya'yanta su zo su ci. Hadiyya sai ta ɗaga kai.

Ni kuwa sai in riƙe tsintsiyar hannunta, ba na saki sai an idar da salla.