Ƙwayoyin da ke Bakin Zanen Batulu

Kafin a sauko da Batulu daga babur a asibitin Talata Mafara rai ya yi halinsa. Jini ne ya ɓalle mata, da ƙaramin ciki, cikinta na fari. A bakin zanenta likita ya kwance wasu fararen ƙwayoyi marasa suna, sai lamba kawai. Nan take ya kira 'yan sanda.

Sufeto Lailatu ba ta sha wahalar gano asalinsu ba. Wata ƙungiya ce ke gwajin sabon maganin tsargiya a kan masu shiga ruwan Bakolori, har zuwa rugagen Gidan Goga, inda Batulu ta fito. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne sauran matan can suna nan suna sha.

Ta fara da Dakta Mahmud, shugaban kwamitin ɗa'a, wanda sai da izininsu ake gwada magani a jikin mutum.

"Mun ba da izini da sharaɗi," in ji shi. "Ban da mai ciki, kuma nas mace ta auna fitsarin kowacce."

"Kun je kun gani?"

"Da wace mota, Sufeto? Da wane rai?"

"To ku dakatar da aikin."

"Ƙungiyar ta ce mijin ne ya ɗura mata sauyoyin zubar da ciki. Kawo mini hujja an karya sharaɗi, yau zan dakatar."

Kwamiti ke nan, jama'a! Mutanen kirki, masu ilimi, amma iyakar ganinsu ƙofar ofis.

Mijin, Gajere, makiyayi ne, Batulu ce matarsa ta fari, yana tsare tun safe.

"Ka san tana da ciki?"

Shiru.

"Mi sunan matarka?"

Ya daɗe kafin ya ce, "Yarinyar nan ta gidanmu."

Kofur ɗin da ke tare da ita ya ce ai wannan kame-kamen mai laifi ne. Lailatu ta harare shi. Mahaifiyarta Bafulatana ce, ta san wannan shirun tun tana goye. Likita bai sami alamar sauyoyi ba, kuma mai kisa ba ya goyo mace a babur ya ratsa dajin 'yan bindiga. Ta cire Gajere daga zargi.

Sai Hindatu, nas ɗin da ya kamata ta yi awon. Tun kafin a gama tambaya ta fashe da kuka.

"Tun da aka sace abokiyar aikina ban ƙara wuce Maradun ba. Na faɗa wa Abdulrashid mai kai maganin, ya ce in zauna Bakura, zai san yadda ya yi."

Lailatu ta tambaya a Bakura, mata da yawa suka shaida ranar rabon maganin, Hindatu tana can tana auna su. Ita ma ta fita.

Saura Abdulrashid, jami'in da ke kai maganin ƙauyuka. Ɗan birni ne, mai fara'a, magana kamar da rediyo.

"Ni namiji ne, ba na shiga gidan matan aure," in ji shi. "Na tambayi mazajen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɓoye, shi ya sani."

"Gajere fa?"

"Da bakinsa ya ce mini, 'Batulu ba ta da ciki.'"

"Haka ya faɗa? Har da sunanta?"

"Ƙwarai kuwa."

Lailatu ta ajiye biro.

"Malam, ƙarya kake. Bafulatanin ruga ba ya kiran sunan matarsa ta fari. Na tambaye shi yana tsare, gawarta tana kwance, bai iya ba. Cikin fari kuwa, ko ya ce akwai ko ya ce babu, kunya ba ta barinsa ya ɗauko zancen. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mutanen nan ya yi wannan tambayar, ya san abin da ake samu shiru ne. Kai ba ka tambayi kowa ba."

Fara'ar ta gudu. Ya share zufa, ya share, sannan ya amsa. Ranar kasuwar Gidan Goga ya tsayar da mota, ya miƙa wa maza ƙwayoyin su kai gida, ya juyo kafin la'asar. Masu aikin sun ce in mutane ba su cika ba za su kwashe gwajin su kai wata jiha.

"Ban yi nufin kowa ya mutu ba," in ji shi.

"Ka faɗa wa alƙali."

Dakta Mahmud ya cika alkawari, ya dakatar da gwajin a ranar. Sai dai wa zai kai labari? An yanke layin waya a yankin, hanya ta rufe tun harin da 'yan bindiga suka kai jiya, rakiyar da Lailatu ta nema aka ce babu mota. Gajere kaɗai zai koma, ta daji, bayan jana'iza.

Ta same shi a bakin ofis, ta roƙe shi.

"Don Allah ka bi ruga-ruga, ka ce kowa ya zubar."

Ya girgiza kai.

"Hajiya, mutanen da sunka daɗe suna fitsarin jini, yanzu sun ga sauƙi. Ba su taɓa ganin magani kyauta ba. Wa za ya zubar?"

"To masu ciki su bari!"

"Amare sun yi yawa bana. Wadda duk ta aje nata ita kaɗai, ta shaida ma surukanta abin da ke jikinta ke nan."

Lailatu ta dube shi. Ta kama mai laifi, ta kawo hujja, an buga hatimi, amma ba ta ceci ko mace ɗaya ba. Ta ce, "To yaya ke nan?"

Gajere ya saɓa sandarsa.

"Sha za su yi, Hajiya."