Fartanya a Hannun Wongani

A zauren jami'a a Zomba, ƙasar Malawi, Wongani ya fara ganin Tiyamike. Tana gabatar da bincikenta kan matan da aure ya raba da gonakinsu, shi kuwa injiniya ne da ya shigo fake wa ruwa. Ruwa ya ɗauke, bawan Allah ko motsi.

"Malam, akwai tambaya ne?" in ji ta.

"Akwai, amma ba ta bainar jama'a ba ce."

Shi ke nan, soyayya ta kama. Yana ce mata Farfesata tun ba ta kammala digiri na uku ba, ita kuma Ɗan Fake.

Da maganar aure ta taso, mahaifinsa Baba Gondwe ya tubure daga Rumphi. "Ga shanuna na sadaki. Ta ajiye allin nan ta biyo mijinta, haka muke yi!"

Dangin Tiyamike kuwa a Dedza suke, inda gona ta uwa ce, miji ke tarewa a garin matarsa. Kawunta ya ce, "Shanu su sha zamansu. Mu a gona muke gane suruki."

A watan ne jami'a ta ɗauke ta koyarwa. Ta yi kuka ta gode Allah, sannan ta tura masa saƙo: "Ɗan Fake, ina sonka har cikin raina. Amma in na bi ka Rumphi, na zama ɗaya daga cikin matan da nake rubutu a kansu. Ka yafe min."

Ta rame, ko tuwon nsima ba ta iya haɗiya.

Rannan sai ga wayar mahaifiyarta. "Ke, wani mai tabarau na gonata yana sare min masara, wai ciyawa yake cirewa. Naki ne?"

Ta je Dedza, ta tarar da Wongani jiƙe da zufa, tafin hannunsa duk ya yi bororo.

"Farfesata, na nemi canjin wurin aiki zuwa Zomba. Ki riƙe ajinki, ni zan taso."

"Baba fa?" ta tambaya.

Ya nuna mata ƙarshen gona. Ashe tsohon ya zo ne ya tasa ƙeyar ɗansa gida, da ya ga kunyoyin da Wongani ya ja a karkace sai zuciya ta ɗebe shi, ya fizge fartanyar. Yana kaftu yana faɗa: "A gaban surukai za ka zubar min da mutunci?" Mahaifiyarta kuwa tana ta miƙa masa ruwa tana yabon aikinsa, tsoho sai ƙara himma yake.

Bayan girbi aka ɗaura aure a Dedza. Baba Gondwe ya damƙa wa amarya kwalin alli.

"Ɗiyata, ki ci gaba da koyarwarki, Allah ya yi muku albarka. Wannan mijin naki kuwa, don Allah kar ki sake ba shi fartanya."