Tambayar da Aka Yi Bayan an Rufe Ƙofa

Ranar da Auta ta fara ganin saurayin da ya sace zuciyarta, maƙogwaron mahaifinta ne ya kai ta asibiti. Wata biyu ke nan muryar Baba ta dishe, shi da ya yi shekara talatin yana hedimasta, tsawa ɗaya zai yi makaranta ta yi tsit. Da ƙyar da jiɓin goshi ta shawo kansa ya biyo ta.

Nas ɗin da ke ɗakin awo saurayi ne dogo mai sanyin magana. Ya gaishe da Baba, ya jawo kujera kusa da shi.

"Baba, tun yaushe muryar ta canja? Kana jin zafi in za ka haɗiye abinci? Ka rame?"

"Ya rame mana!" Auta ta cafe. "Har ƙara wa bel ɗinsa huji aka yi."

Nas ya ɗago ya dube ta, ya yi murmushi. "Ƙanwata, a cikinku wane ne marar lafiyar?"

Kunya ta kama ta, zuciyarta kuma ta buga irin bugun da ba ta san da shi ba.

Ya haska tocila a bakin Baba, ya danne harshen da ɗan katako, ya lalubi wuyansa ta kowane gefe. Sai idonsa ya sauka a kan yatsun dattijon. Ya roƙi Auta ta ɗan ba su wuri, ya rufe ƙofa.

"Baba, kara nawa kake sha a rana?"

"Ni? Yaro, ka san ɗalibi nawa na kora saboda taba?"

"Allah ya huci zuciyarka. Yatsunka biyu ne suka gaya min, sun yi rawaya."

Baba ya dubi yatsun nasa. Can ya ce goma, wani lokaci sha biyu. Shekara ashirin da takwas yana fita shan iska da yamma, ya dawo da alewar minti a baki, ba wanda ya sani a gidansa.

Nas bai yi masa faɗa ba. Ya ce dishewar da ta wuce sati uku ga mai shan taba ba abin wasa ba ce, sai likitan maƙogwaro ya leƙa ciki. Ya ce ko yau ya daina jiki zai fara murmurewa, kuma akwai maganin da ke rage ƙwalamar. Ya rubuta masa takarda.

"In iyalina suka ji wannan, na gama yawo," in ji Baba.

"Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan yake kwana."

A bakin ƙofa Auta ta karɓi lambar Nas, wai don tambaya kan magani. Wane magani! Kafin sati ya zagayo tambayoyin da take tura masa ta waya sun bar maƙogwaro.

"Mai Tocila, ka ci abinci kuwa, ko marasa lafiya sun cinye maka lokaci?"

"Sarkin Tambaya, na ci. Amma in ba ki tambaya ba, ba ya min daɗi."

"Kai dai akwai daɗin baki."

"Ba daɗin baki ba ne. Ina sonki, kuma da aure nake nufi."

Ta karanta saƙon nan ya fi sau ashirin.

Da manyan Nas suka zo neman izini, Baba ya ce a'a. Mama ta tambayi dalili, ya ce babu, a'a ce kawai. Har ya fara yabon ɗan wani abokinsa da Auta ba ta ko son jin sunansa. Gaskiyar magana ita ce, Baba ba zai iya haɗa ido kullum da surukin da ya san asirinsa ba. Takardar likitan ma ya cusa ta cikin wani tsohon littafi, bai je ba.

Auta ba yarinya ba ce, ta gane daga ranar rufe ƙofar nan abin ya samo asali. Ta sami Nas a harabar asibiti bayan ya tashi aiki.

"Me ya faru tsakaninka da Baba a ɗakin nan?"

"Ba zan iya faɗa miki ba."

"Ko da zai raba mu?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ko da zai raba mu. Amana ce, Auta."

Ta juya ta tafi tana kuka. Ta daina ɗaga wayarsa, ta daina amsa saƙo. Bayan kwana tara wani saƙon nasa ya shigo:

"Ko ba za ki ƙara kula ni ba, don Allah ki kai Baba wurin likitan maƙogwaro. Yana zama ranar Talata. Kada ki bari ta wuce."

Ba ta amsa ba, amma ranar Talata ta sa Baba a gaba da kuka har ya zaro takardar. Suka je asibiti, shi kaɗai ya shiga wurin likita. Aka sami ɗan ƙari a kan igiyar muryar, likita ya ce an yi sa'a da aka zo da wuri. Aka cire, aka hana shi magana na sati guda.

Hedimasta ba baki! Sai rubutu a takarda. Rana ta huɗu ya miƙa wa Auta wata: "Me yaron nan ya gaya miki a kaina?"

"Ko kalma ɗaya, Baba. Shi ya sa muka ɓata."

Ya daɗe yana kallon bango, hawaye na bin gemunsa.

Ranar da aka ba shi izinin magana, ya kira Mama da Auta falo. Muryar ƙasa-ƙasa take fita.

"Shekara ashirin da takwas ina shan taba a ɓoye. Yaron nan ya sani, ya gwammace ya rasa Auta da ya tona ni. Ni kuma na saka masa da kora."

Mama ta tafa hannu. "Haba Malam! Wa ke wanke maka riguna? Tun Auta ba ta zo duniya ba na sani. Addu'a kawai nake yi."

Baba ya sunkuyar da kai don kunya. Auta tana dariya tana kuka, ta jawo waya.

"Mai Tocila, ka yafe min. Baba yana nemanka."

"Sarkin Tambaya, ga ni a hanya. Na gode wa Allah."

Bayan wata uku aka ɗaura aure, Baba kuma bai sake taɓa ko kara ɗaya ba. Da angon ya durƙusa gabansa, Baba ya dafa kansa, jama'a suka yi shiru don su ji.

"Ɗana, ka riƙe amanata lokacin da nake ƙinka. Ga 'yata, na san inda na ajiye ta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu rufa muku asiri."

Mama ce ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.