Ranar da Mati Ya Bar Aiki Ba Izini

Ƙarfe bakwai daidai awarwaron da ke hannun Malam Sallau ya yi ƙara, ya haska kore. Haka na mutum dubu biyu suka yi a masaƙar Sabuwar Dala. Lissafau ake kiran na'urar. Bugun zuciya take saurare: muddin tana jin naka cikin ginin, kana bakin aiki. In ta daina ji sai ta ɗiga maka ja. Ja uku, ƙofa ba za ta ƙara buɗe maka ba. Sallau na da biyu, duka na zuwa jana'iza.

Wajen hantsi Mati, abokin aikinsa na shekara talatin, ya dafe ƙirji ya sulale gefen injin. Kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Babban allon masaƙar kuwa, don rashin kunya, sai ya rubuta: Mati Gwarzo, ya bar aiki ba izini.

Al'adar masaƙar tun kafin zuwan injinan nan, 'yan sashen mamaci su ke yi masa wanka, su ɗauki makararsa. Sallau ya hau sama wurin Injiniya Barira, wadda ta kafa tsarin.

"'Yata, buɗe mana ƙofa. Awa biyu kawai, mu kai shi makwancinsa."

Ta kasa haɗa ido da shi. "Baba Sallau, wallahi ba a sa gurbin mutuwa a na'urar ba. Akwai na rashin lafiya, akwai na hutu. Sai na rubuta wa kamfanin da ya ƙera ta."

"Amsa fa?"

"Mako uku."

Ya sauko ya tsaya bakin ƙofa. Taku ɗaya, ja na uku, ga baki tara a gida suna jiran hannunsa. Ya dubi sauran, kowa ya sunkuyar da kai. Ya juya ya koma ciki, ya ji ya tsani kansa.

Mutum-mutumin inji mai dakon yadi aka turo. Ya ciccibi Mati, lulluɓe da atamfar da bai gama saƙawa ba, ƙofa ta buɗe masa ba musu, tunda a lissafinta kaya ya ɗauko.

Da la'asar awarwaron Sallau ya sake ƙara. Saƙon yabo ne: sashensu ya zo na ɗaya a halarta, mutum guda kaɗai ya ɓata musu lissafi.