Buba da Ƙwallon da Ba Ta Ɓacewa

Ranar da aka kai 'yan makarantarsu filin wasan golf a Minna, inda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda don ta faɗa rami, Buba ya kasa tsayuwa wuri ɗaya don murna. Za a zaɓi yara uku su je gasa a Abuja. Shi kuwa bai taɓa zuwa Abuja ba.

Buba ɗan makiyaya ne daga wajen Paiko. Tun yana ƙarami sanda ke hannunsa. Da ya buga ƙwallon farko, sai ta tashi fiu! Yara suka sa ihu.

Koci Ndanusa, mai koyar da bugu, ya matso. "Ƙarfi kam akwai shi. Amma kana ɗaga kai kafin ka buga. Zo gobe mu gyara."

"Ni za a koya wa riƙe sanda?" Buba ya ce a ransa. Bai je ba. Ya koma bayan gida yana ta bugu shi kaɗai.

Ranar gwajin farko, Buba ya gyara tsayuwa yana taƙama. Ya kai bugu. Wayyo! Ƙwallon ta gangara kamar ƙwai, ta tsaya gabansa. Ya sake, ta faɗa cikin ciyawa. Kunya ta kama shi har ya yi hawaye.

Da yamma mahaifinsa ya tambaye shi, "Me kocin ya ce maka?"

"Ban je wurinsa ba, Baffa."

"Ashe! To, gobe da kaina zan raka ka."

Washegari Buba ya durƙusa a gaban Koci. "Koci, ka yi haƙuri."

Koci ya yi murmushi, ya sa shi ya buga, ya ɗauki bidiyon bugun a waya, ya nuna masa. Buba ya zaro ido. Ga shi nan ƙiri-ƙiri, kansa a sama, yana hangen nesa!

"Kiwo ne ya saba maka," in ji Koci. "Kullum idonka na kan shanu. Amma ƙwallo ba saniya ba ce, ba za ta shiga gonar kowa ba. Kai dubi ƙasa, ni zan duba maka ita."

"Koci, manyan 'yan wasa ma ana yi musu gyara?"

"Sosai! Har waɗanda kake gani a talabijin. Mai bugu ba ya ganin kansa, sai wani ya gane masa."

Kullum bayan makaranta suna tare. Wuyan Buba har ciwo ya yi.

Ranar gwajin ƙarshe ta zo. Ya kafa ido a kan ƙwallon. Ya buga, ƙwas! Bai ɗaga kai ba. Ihun yara ne ya fara shiga kunnensa.

"To, yanzu ɗago!" Koci ya ce yana dariya. "Ga ta can dab da rami. Ka shirya jakarka, sai Abuja!"

Buba ya yi tsalle ya rungume shi. Tun daga ranar ya gane cewa komai iyawar mutum, yana bukatar mai yi masa gyara.