Rigar Dabon Rosalba

"Mayya ce! Da idona na ga ta zaro kurciya daga iska!"

Haka Donna Filomena ta faɗo mana gida, ɗanta Saverio, mai neman auren 'yata, na biye da ita kamar zai yi kuka. Ina murza taliya a lokacin.

'Yata Rosalba mai wasan dabo ce, gadon marigayi ubanta. Duk birnin Napoli ita kaɗai ce macen da ke hawa dandali maza su cire mata hula. Kuma ba ta taɓa fashin coci ba, ni shaida ce.

"Mama, rufa-ido ne kawai," in ji Saverio. "Rosalba, rabin raina, nuna mata mana!"

"Ta nuna, ko a fasa auren!" in ji Filomena.

Rosalba ta miƙe, idonta fal hawaye.

"Saverio, ina sonka... amma na rantse wa Baba yana kan gadon mutuwa, bare ba zai ga sirrinmu ba. Sai ɗan gida."

"Ko da za ki rasa ni?"

"Ko da zan rasa ka."

Wallahi sai da na ji kamar in goya ta. Filomena kuwa mace ce mai tsoron Allah, ta san nauyin rantsuwa.

Na goge hannuna na ce, "Donna Filomena, mayya ce za ta bar miji saboda alkawari? Kin ji dai, ɗan gida aka ce. Sa wa auren albarka, kin zama 'yar gida, sai ki gani."

Ta juya carbinta, ta juya, ta kalli ɗanta.

"To... na sa. Amma in na ga Shaiɗan, sai gaban Fada, limamin coci!"

Rosalba ta ɗauko rigar wasan ta juya cikinta. Aljihuna ne reras a ɓoye, ni na ɗinka su. Ga na kurciya, ga na furanni.

Filomena ta daɗe tana lalube.

"Shi ke nan? Wannan ya hana ni barci?" Ta ja zaren da farce. "Wa ya yi wannan ɗinkin banzan?"

"Ni ce!"

"Za ki kunyata min suruka a gaban jama'a. Miƙo allura!"

Saverio ya leƙo zai gani, Filomena ta make masa hannu.

"Kai kuma fita waje! Ba a ɗaura ba tukuna."